Sharhi a Kan Babin Tsarin Jumlar Ingilishi da Dacewarsa da 'Ya'yan Hausawa Mazauna Legas

Wannan sharhi ya taƙaita ne a kan babi guda daga cikin littattafan Ingilishi na ƙaramar sakandare, wato babin da ke koyar da tsare-tsaren jumla, da kuma yadda yake aiki a ajin da 'ya'yan Hausawan kurmi suke zaune. Mun ɗauki Ikorodu da Agege a matsayin madubi. Hausawa sun daɗe a Agege saboda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa, haka kuma akwai su a Sabon Ikorodu da kasuwar Mile 12, inda kayan gwari na Arewa ke sauka. Yaron da ya tashi a waɗannan wurare yana jin Hausa a gida, Yarbanci a unguwa, Buroka a tasha da kasuwa, sannan ya tarar da Ingilishi a allo. Da wannan na huɗun ne za a auna shi, domin sai da kiredit a Ingilishi ake shiga jami'a.

Babin da muke magana a kai yana da asali mai daraja. A. S. Hornby ya fitar da Guide to Patterns and Usage in English a 1954, inda ya karkasa aikatau na Ingilishi zuwa tsari 25. Daga baya Randolph Quirk da abokan aikinsa, a nahawunsu na 1972, suka tattara jumlolin harshen cikin sigogi 7. Waɗannan bakwai ɗin ne, ko wasu daga cikinsu, suka gangaro cikin littattafan makarantunmu a matsayin jadawali: aikau da aikatau, aikau da aikatau da karɓau, aikau da aikatau da cikamako, har zuwa ƙarshe. Ɗalibi yakan haddace jadawalin, ya zana layi a ƙarƙashin kowane yanki, ya ci makinsa.

Ƙorafinmu na farko shi ne, an zuba ƙarfi a inda babu matsala. Hausa da Yarbanci da Buroka da Ingilishi duk tsarinsu na asali ɗaya ne, aikau ya gabata, aikatau ya biyo, karɓau ya zo ƙarshe. Wanda ya saba cewa "Audu ya sayi goro" ba ya bukatar mako biyu kafin ya yarda da "Audu bought kola". A wani aji da muka zauna a Ikorodu, mun ga yara sun gama irin wannan aiki ba kuskure, amma da malama ta ce su ba da labarin gidajensu sai ga jumloli irin waɗannan:

(1) My father he is selling onions.
(2) The tea hot.
(3) He is having two shops.
(4) Borrow me your biro.

Babu ɗaya daga cikinsu da ta saɓa wa jerin aikau, aikatau, karɓau ta fuskar da jadawalin ke lura da ita, in ban da (2). Ke nan jadawalin ba shi da abin da zai ce wa yaron.

Misali na (1) tushensa a bayyane yake ga duk wanda ya karanci Galadanci (1976). A Hausa ba a cewa "Audu tafi", dole sai zagin aikatau ya shiga tsakani yana ɗauke da jinsi da adadi da lokaci: Audu ya tafi, Binta ta tafi. Yaron ya ɗauko "ya" ne ya mayar da ita "he". Buroka kuwa tana ƙarfafa masa gwiwa, tunda a can ma ana yawan sa "e" bayan suna. A (2) harsunan uku ne suka taru a kansa. Hausa tana cewa shayin yana da zafi, ko ta yi amfani da dirka, kamar a "Audu dogo ne", alhali "ne" da "ce" ba aikatau ba ne. Yarbanci da Buroka kuma suna barin kalmar zafin ta yi aikin aikatau da kanta. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa Ingilishi ba ya barin jumla irin wannan ba tare da "is" ba. An dai kira masa sunan cikamako. Misali na (3) ya biyo sawun "yana da", wadda siffarta ta lokaci mai ci ce, kodayake wannan salo ya bazu a Ingilishin Nijeriya gaba ɗaya, kamar yadda mai duba Jowitt (1991) zai iske ire-irensa da dama.

Misali na (4) ne ya fi jan hankalinmu, domin a nan ne babin ya yi asarar babbar dama. F. W. Parsons ya nuna tun 1960 cewa aikatau na Hausa yana da giredi 7, kuma wasalin ƙarshe da karin sauti ne ke bambanta su. "Ya ari biro" giredi na 2 ne, mai karɓa ake nufi. "Ya ara mini biro" giredi na 1 ne, mai bayarwa ake nufi. Saiwa ɗaya ce, tsari ne ya raba ma'ana. Haka "saya" da "sayar", haka "ranci" da "ranta wa". Ingilishi kuwa kalmomi biyu ya ware, "borrow" da "lend", "buy" da "sell", kowace da abin da take yarda ya biyo ta. Bugu da ƙari, a Hausa kusan kowane aikatau yana karɓar "wa" ko "ma" ya jawo karɓau na kaikaice kusa da shi: bayyana mini, gyara masa, karanta wa Audu. Idan littafi ya ba yaro sigar aikatau mai karɓau biyu, ya kafa masa misali da "give me the book" kaɗai, to ya ba shi lasisin cewa "explain me the matter" ke nan. Jadawalin ne da kansa ya haifi kuskuren.

Adalci ya sa mu faɗi cewa wannan ba laifin Hornby ba ne. A ƙamusunsa na masu koyo, kowane aikatau yana ɗauke da lambar tsarin da yake shiga, wato bai taɓa raba tsari da kalma ba. Masu rubuta littattafan aji ne suka ɗauki ƙwarya suka zubar da furar. Susan Hunston da Gill Francis, a Pattern Grammar na 2000, sun ƙara nuna cewa kalmomin da suka yi tarayya a tsari sukan yi tarayya a ma'ana. Wannan ya fi sauƙin koyarwa: a tara "give", "send", "lend", "show", "tell" wuri ɗaya, a ware "explain", "suggest", "describe" a ce waɗannan sai da "to". Yaron da harshensa ya riga ya koya masa cewa "ara" iri biyu ce ba zai sha wuyar gane haka ba.

Ba mu ce duk kuskure daga Hausa ya fito ba. Robert Lado ya ɗora nazarin kwatanta harsuna a kan irin wannan zato a 1957, bincike na baya kuma ya rage masa kaifi. "Discuss about" ana ganinta a jaridun Legas, ba ruwanta da Hausa. Wani yaron Agege ma Burokarsa ta fi Hausarsa ƙwari.

Akwai kuma batun malami. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta yi maganar harshen uwa ko harshen muhalli, kamar dai kowane muhalli harshe ɗaya gare shi. Jihar Legas ta kafa dokar kare Yarbanci da haɓaka shi a 2018. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa cikin harshen uwa tsawon shekara 6 na firamare a 2022, sannan ministan ilimi ya sanar da soke hakan a Nuwamban 2025. Duk cikin wannan kai-komo, malamar Ikorodu ba ta jin Hausa, kuma ba a nemi ta ji ba. Abin da take bukata shafi biyu ne a littafin jagoran malami, masu nuna mata zagin aikatau, da dirka, da "wa" da "ma", da "yana da", kowanne da jumlar Ingilishin da yake haifarwa. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da waɗanda za su iya rubuta su. Malamar da muka zauna a ajinta ta ja jan biro a kan "he" ta misali na (1), ta rubuta a gefe cewa maimaici ne, kuma yaron ya sake sa ta a jumla ta gaba.