Hoto kaɗai ba ya gane tsohon jirgin rimot

Idan wani tsohon jirgin sama na wasa mai rimot ya faɗo hannunka, a ce daga kayan gwanjo, shawarar da za ka fi ji ita ce ka ɗauki hotonsa ka bai wa manhajar waya ta faɗa maka sunansa. Wannan shawara tana da rauni sosai, kuma tana iya sa ka yi asarar jirgin gaba ɗaya.

Matsalar ita ce hoto yana ganin fata ne kawai, alhali fatar waɗannan jirage ita ce abin da aka fi sauyawa. Kafin tsakiyar shekarun 1960, ana lulluɓe ƙwarangwal ɗin katakon balsa ne da siliki ko wata takarda mai laushi, a shafa mata sinadari ta ɗame. A 1966 kamfanin Top Flite na Amurka ya fito da MonoKote, wata leda da ake mannawa da zafin dutsen guga. Mutane da yawa suka yage tsohon silikin suka sa leda. Ke nan jirgi mai ƙyalli yana iya girmar ledar da ke jikinsa da shekaru. Launi ma ba shaida ba ne, don galibi mutum ne ya haɗa jirgin a gidansa ya shafa fentin da ya ga dama.

Ɗauki jiragen Falcon na Carl Goldberg. Ƙaraminsu faɗin fikafikansa inci 37 ne, na tsakiya inci 56, babban kuma inci 69. Siffarsu kusan ɗaya ce, don haka a hoto ba za ka rarrabe su ba sai ka sa tef ɗin awo. Ugly Stik na Phil Kraft kuwa, mai jan fenti da baƙaƙen kuros, an kwaikwaye shi sau ba adadi. Manhaja za ta ce maka "Stik", kuma ba ƙarya ta yi ba, amma wanne daga ciki?

Masu ɗan sani kan ce a duba inji da rediyo. Wannan ya fi, sai dai ana wuce gona da iri wajen dogaro da shi. Rediyo mai lamba 72 MHz yana nuna Amurka, mai 35 MHz yana nuna Turai, shi kuma 2.4 GHz sai tsakiyar shekarun 2000 ya shigo. To amma dunƙule huɗu ne ke riƙe da inji, kowa na iya sauya shi da yamma ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne sawun da tsofaffin kaya suka bari: ramukan dunƙule da babu komai a cikinsu, ko ƙugiya a can wutsiya inda ake naɗa robar da ke juya sitiyarin jela a jiragen shekarun 1950.

Ka auna faɗin fikafikai daga ƙarshe zuwa ƙarshe, da faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, da tsawon jiki, duk da inci idan kana zaton ɗan Amurka ne ko Ingila. Ka haska fitila ta bayan fiffiken ka ƙirga haƙarƙarinsa da tazarar da ke tsakaninsu. Ka lura da siffar wutsiya. Sannan ka gwada da tsofaffin zanen gini, waɗanda shafin Outerzone ya tara dubbai kyauta. Ko da sun dace, ka samu sunan ƙira ne kawai, ba shekarar haɗawa ba, don har yau ana gina jirage daga zanen da ya haura shekara 60.

Me ya sa duk wannan wahalar? Zanen ne ke nuna inda nauyin jirgin ya kamata ya daidaita, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gefensa na gaba. Idan ka bi zanen wani jirgi daban har nauyin ya koma baya, jirgin zai ɗaga hanci da zarar ya tashi, ya rasa gudu, ya faɗo. Balsar da ta sha mai na shekaru aru-aru kuwa ba ta karɓar gam da kyau, gyaranta sai an yanke wurin an sa sabon katako.