Sikeli, Littafi da Ƙarfe: Yadda Gwani Ke Zubar da Kitse Ya Bar Tsoka

Ramewa ba gwaninta ba ce, zazzaɓin mako guda ma yana ramar da mutum. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya zaɓi abin da zai zube daga jikinsa: kitse ya tafi, tsoka ta tsaya, ƙarfi kuma bai ragu ba. Wannan aiki ne da 'yan ɗaga ƙarfe suka ƙware a kansa, kuma wanda ya zauna da gwani a cikinsu zai lura cewa rabin aikin ba a gidan motsa jiki ake yin sa ba. A madafa ake yi, a gaban ɗan ƙaramin sikeli, da biro da littafi.

Kayan aikinsa huɗu ne. Akwai sikelin abinci na lantarki mai auna giram ɗai-ɗai, da sikelin auna mutum, da tef irin na tela, sai littafin rubutu ko manhajar waya irin su MyFitnessPal da Cronometer. Abin da yake ƙirgawa shi ne kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci, shi ne zafin da zai ƙara wa kilo ɗaya na ruwa digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. A shekarun 1890 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Wilbur Atwater, shi da abokin aikinsa Edward Rosa, suka gina wani rufaffen ɗaki a Jami'ar Wesleyan. Mutum yakan zauna ciki kwanaki, ana auna abin da ya ci, da iskar da yake fitarwa, da zafin da ke fita daga jikinsa. Daga ayyukan Atwater ne aka samu alƙaluman nan da kowane gwani ya haddace: giram ɗaya na furotin, sinadarin gina jiki, kalori 4 ne; giram ɗaya na sitaci ko sukari shi ma 4; giram ɗaya na mai kuwa 9.

Matakin farko shi ne ya san abin da jikinsa ke ƙonawa a yini. Akwai wani lissafi da aka fitar a 1990, ana kiransa Mifflin-St Jeor. Namiji zai ninka nauyinsa na kilo sau 10, ya ninka tsawonsa na santimita sau 6.25, ya haɗa su, ya cire shekarunsa sau 5, sannan ya ƙara 5. Mace kuwa 161 za ta cire a maimakon ƙara 5. A ce mutuminmu shekararsa 30, nauyinsa kilo 85, tsawonsa santimita 175. Amsarsa za ta kama kusan 1,800. Wannan shi ne abin da zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da sauran gaɓoɓi za su ci ko da kwance ya wuni. Tunda yana zirga-zirga kuma yana ɗaga ƙarfe, sai ya ninka da kamar 1.5, ya samu 2,700.

Gwani bai yarda da wannan adadi haka kawai ba, domin an gina lissafin ne a kan jikin wasu mutane. Sai ya ɗauki mako biyu yana cin abincinsa yadda ya saba, yana rubuta kowace loma, yana hawa sikeli kowace safiya. In nauyinsa ya tsaya cik alhali yana cin 2,600, to ya gano nasa ma'aunin, kuma jikinsa ne ya faɗa masa. Daga nan sai ya rage 400 zuwa 500 a rana. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, saboda haka giɓin 500 a kullum zai zubar da kusan rabin kilo a mako. Mai gaggawa yakan raina wannan, ya yanke rabin abincinsa dare ɗaya, kafin wata ya kewayo jiri ya kayar da shi ko yunwa ta mayar da shi gidan jiya. Gwani ya san sannu ba ta hana zuwa. Ya fi son ya riƙa sauke rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa a mako.

Yana nan kamar ɗan kasuwa mai tsaron uwar kuɗinsa. Kitse tarin ajiya ne da ya yarda a kashe, tsoka kuwa jari ce da ba ya so a taɓa. Jiki in ya ji giɓi, daga dukansu biyun yake ɗiba, sai fa in an ba shi dalilin barin tsoka. Dalilan biyu ne, furotin da ƙarfe.

Saboda haka kafin ya raba sauran kalorinsa, furotin yake fara warewa. 'Yan ɗaga ƙarfe sukan nemi giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyinsu, wato mutuminmu zai buƙaci kamar giram 140 zuwa 185 a yini. A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun gwada wannan a kan samari 40. Aka rage musu kashi 40 cikin 100 na abincinsu har mako huɗu, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako a ƙarƙashin kulawa. Waɗanda aka ba giram 2.4 na furotin ga kowane kilo sun zubar da kitse kilo 4.8, kuma naman jikinsu ya ƙaru da kilo 1.2. Waɗanda aka ba rabin haka sun zubar da kilo 3.5, naman jikinsu kusan bai motsa ba. Gwani ya san inda furotin yake a kasuwarsu. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, a kalori 70 da 'yan kai. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza yana da wajen 31. Busasshen wake giram 100 yana da wajen 23. Ga kifi, ga awara, ga nono, ga kilishi. Gyaɗa ma tana da furotin sosai, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, shi ya sa yake ƙirga ta a sahun mai. Yakan raba rabonsa gida uku ko huɗu a yini, domin kowane zama ya samu giram 35 zuwa 45.

A madafa ne za ka ga hannun gwani. Ya ɗora kwano a kan sikeli, ya danna maɓallin da ke mayar da lamba sifili don a cire nauyin kwanon, sannan ya zuba shinkafa ɗanya. Ɗanya yake aunawa, domin giram 100 na ɗanyar shinkafa kalori 360 ne, amma in ta dahu ta sha ruwa, giram 100 bai wuce 130 ba. Wanda ya rikita waɗannan biyun, lissafinsa ya rushe tun daga tushe. Haka yake yi da garin tuwo: garin yake aunawa kafin a yi talge, domin malmala ba ta da girma ɗaya, ta kowane gida da hannun mai kwasarta.

Dubi yadda yake auna mai. Ba ya bin cokali, domin mai yana maƙalewa a jikinsa. Kwalbar man gyaɗan gaba ɗaya yake ɗorawa a sikeli, ya mayar da lamba sifili, ya ɗauke ta ya tsiyaya a tukunya, ya mayar da ita inda take. Sai sikeli ya nuna 40 da alamar ragi a gabanta. Giram 40 ke nan suka fita, kimanin cokali uku na cin abinci, kalori 360, daidai da shinkafar da ya auna ɗazu. Tsiyaya ɗaya da ido bai ɗauke ta a bakin komai ba, sai ga shi ta yi kunnen doki da farantin shinkafa. Wannan ne ya sa wake dafaffe da ƙosai, duk da daga buhu ɗaya suka fito, ba su zama ɗaya a littafinsa ba.

Miya fa, da komai ya cakuɗe a cikinta? Nan ma yana da dabara. Kafin a ɗora tukunya yakan auna ta babu komai a ciki ya rubuta. Ya auna manja, da nama, da gyaɗa ko agushi, ya haɗa kalorinsu. Tumatir da attarugu da albasa da ganye ba su da yawan kalori, ƙiyasi ya ishe su. In miya ta nuna, sai ya sake ɗora tukunyar a sikeli ya cire nauyinta. A ce kayan sun haɗu sun ba da kalori 2,400, miyar kuma ta yi giram 2,000. Kowane giram ya tashi a 1.2, ludayi mai giram 150 ya zama 180. Sau ɗaya zai yi wannan wahala, ya adana lissafin da sunan miyar, gobe sai dai ya auna ludayinsa. Manhajojin waya sun fi sanin abincin Turawa, amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, aka faɗaɗa shi a 2019, kuma a ciki ana samun gero da dawa da wake da sauran cimarmu.

A gidan da ake haɗa hannu a kwano ɗaya, yakan nemi alfarma cikin ladabi: "Inna, don Allah a zuba mini nawa daban." A teburin mai shayi za ka ji ya ce, "Malam, ƙwai uku dafaffu, shayin kuma sukari cokali ɗaya." Ya san ƙaramin cokalin sukari kalori 16 ne, ya san robar lemon kwalba mai rabin lita ta kai 200. In biki ko suna ya kama, ba ya zuwa da sikeli gidan mutane. Yakan sassauta cin rana, ya je ya ci abin da aka ba shi, ya dawo ya rubuta ƙiyasi, ya ɗan ƙara a kai don kada ya cuci lissafi.

Wannan rubutu na gaskiya shi ne ƙashin bayan sana'ar. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a birnin New York a kan mutanen da suka ce ba sa cin abin da ya kai kalori 1,200 a rana amma sun kasa ramewa. Da aka auna su da kyau, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suke cewa suna yi kuma ya zarce na haƙiƙa da kashi 51. Mantuwa ce irin ta ɗan Adam: ɗanɗanon miya, ragowar abincin yaro, gyaɗar hira. Gwani yakan rubuta abu kafin ya kai shi baki. Ba ya kuma dogara da agogon hannu mai cewa ya ƙona kalori kaza, domin a 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai, wadda ta fi daidai a cikinsu ta kuskure da kashi 27 cikin 100.

Sai ƙarfe. Awa guda ta ɗaga nauyi ba ta ƙona abin a zo a gani, ɗaruruwan kalori kaɗan ne, waɗanda tsire 'yan tsinke za su mayar. Amfaninta shi ne ta shaida wa jiki cewa har yanzu ana buƙatar wannan tsoka. Shi ya sa gwani ba ya komawa ƙananan ƙarafa don yana rage ƙiba. Sau uku ko huɗu a mako yana nan a kan manyan motsi: durƙusawa da sandar ƙarfe a kafaɗa, tura ta daga ƙirji yana kwance a benci, ciccibo ta daga ƙasa, da jawo jiki sama a kan sanda. Kowanne yana shiga littafi, kilo 80, ɗagawa 8, zagaye 3. Yakan ajiye mafi yawan shinkafarsa ko dankalinsa kusa da lokacin atisaye don ya samu kuzari, yana kuma tsare barcin awa bakwai zuwa sama, domin rashin barci yana buɗe ciki.

Karatun sakamako ma ilimi ne mai zaman kansa. Yana hawa sikeli da safe bayan ya kewaya, kafin ya sa komai a baki. Lambar rana ɗaya ba ta tayar masa da hankali. Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Abinci mai gishiri da dunƙule ma yana tara ruwa, haka nan kwanakin al'ada ga mata. Mutum na iya kwana ya tashi da ƙarin kilo guda alhali ko ɗigon kitse bai ƙaru ba. Don haka yakan haɗa lambobin kwana bakwai ya raba bakwai, ya gwada da na makon jiya. Sau ɗaya a mako ya zagaya tef daidai cibiya, bayan ya saki numfashi, ba tare da ya tsuke ciki ba. Sannan ya jera shaidu uku. Nauyi yana sauka, ƙugu yana raguwa, ƙarfen da yake ɗagawa bai ragu ba: kitse ne ke tafiya. In nauyi na zubewa da sauri kuma ƙarfe ya fara gagararsa, ya san giɓin ya yi yawa, sai ya ƙara abinci. In komai ya tsaya mako biyu ko uku, sai ya rage kalori 100 zuwa 150, ko ya ƙara tafiyar ƙasa, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da.

Ya kuma san iyakar iliminsa. Mai ciwon sukari ko ƙoda, da mai juna biyu, da mai shayarwa, likita ne zai tsara musu. Wanda kuma ƙirga ta fara zame masa fargaba, har yana tsoron zama cin abinci da iyalinsa, ajiye sikelin shi ne lafiyarsa.

Bayan wata uku ko huɗu gwani yakan tsaya. Ya mayar da abincinsa daidai abin da jikinsa ke ƙonawa a sabon nauyinsa, ya ci gaba da ɗaga ƙarfe, ya daina auna kowace loma. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma nasa idon ya sha horo a hannun sikeli wata da watanni. Yanzu in aka ajiye masa faranti, ya san shinkafar da ke ciki, ya san man da aka zuba, ya san ko naman ya ishe shi ko sai ya ƙara ƙwai biyu. Mai sayen shayin rage tumbi zai koma kanti duk wata. Shi kuwa ya koyi abin da zai yi masa aiki a duk inda aka ajiye masa abinci har ƙarshen rayuwarsa.