Jigon Neman 'Yan'uwa a Fim ɗin Green Street: Taƙaitaccen Sharhi

1.0 Gabatarwa

Green Street fim ne na Turanci da ya fito a 2005, wanda Lexi Alexander ta ba da umarni. An zaɓe shi domin ɗalibai su gwada ma'aunin jigo da warwararsa a kan labarin da ba na gida ba. Matashin Yagwa ko Garwa da ya saba da gidan kallon ƙwallo, ko ya ga irin son da ake yi wa Coton Sport, ba zai ji labarin baƙo ba.

2.0 Jigo da Warwararsa

Tauraron labarin shi ne Matt, ɗalibin da aka kora daga Jami'ar Harvard saboda hodar iblis ta abokin ɗakinsa. Ya tafi Landan wurin 'yar'uwarsa, inda Pete, ƙanen mijinta, ya shigar da shi dabar magoya bayan West Ham, abokan gabar 'yan Millwall. Babban jigo shi ne neman wurin jingina. Ƙwallo fakewa ce da guzuma, domin ba a cika nuna wasan ba, faɗan da ke biyo bayansa aka fi haskawa.

3.0 Kwatanci

Al'ummomi da dama suna da hanyar gwada jarumtar saurayi: dambe a ƙasar Hausa, sharo a wajen Fulani, kokawa a tsakanin Masa na yankin Yagwa. Sai dai kowannensu yana da fage da lokaci da manya masu tsawatarwa. Dabar su Pete ba ta da mai cewa a bari. Shi ya sa gabar da ta ci ran ɗan Tommy Hatcher tun da farko ta dawo ta ci ran Pete a ƙarshe.

4.0 Rauni

Raunin fim ɗin yana ga ƙarshensa. Matt ya koma Amurka ya ƙwaci haƙƙinsa da ƙarfin halin da ya koya a daba. Ke nan an la'anci faɗa da baki, an kuma yabe shi da hoto.

5.0 Kammalawa

Aikin ɗalibi shi ne ya rarrabe saƙon da 'yan wasa suka furta da wanda tsarin labari ya isar, sannan ya auna finafinan Hausa masu jigon daba da wannan ma'auni.