3.4 Gona da Tarbiyya a Fim ɗin Mother India

A wannan sashe an yi nazarin fim ɗin Mother India wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, ɗaya daga cikin finafinan Indiya da suka daɗe suna jan jama'a a gidajen sinima na Kano. An zaɓe shi ne domin ya ɗaure tarbiyya da gona wuri guda.

Labarin ya ginu a kan Radha, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen Sukhilala domin bikin ɗanta. Kashi uku cikin huɗu na amfanin gona ya riƙa tafiya wajen biyan kuɗin ruwa. Da mijinta ya rasa hannayensa ya bar gida, sai noma da renon yara suka dawo kanta. Ramu ya tashi mai biyayya, Birju kuwa ya kangare, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa. Radha ta harbe shi da hannunta.

Idan aka dubi ƙauyukan Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka tsuke, za a ga dalilin da labarin zai taɓa zuciyar manomi. A nan ma akwai jinginar gona, kuma rabon gado yana ƙara rage ta. A gandu ne uba kan koya wa ɗa aiki da ladabi, ya ba shi gayauna. In gona ta kasa ciyar da gida, ɗa kan tafi ci-rani, ikon uba ya raunana. Inda aka bambanta shi ne matar aure a wannan yanki ba ta cika fita noma ba saboda kulle.

Raunin fim ɗin yana ga hukuncinsa. Ya nuna a fili cewa zalunci ne ya ɓata Birju, sannan ya ɗora wa uwa alhakin hukunta shi. Haƙurin Ramu bai karya ikon Sukhilala ba, wanda ya karya shi kuma shi aka kashe. Wato fim ɗin ya fifita mutuncin gari a kan adalci. Bisa ga haka, mai nazarin tarbiyya a finafinan karkara ya kamata ya fara tambayar wa ke riƙe da gonar, kafin ya zargi iyaye ko 'ya'ya.