Sojan Rum Cikin Kakin Bature

Da zarar an ambaci masu zanen zamani da ke taɓa hotunan addinin Kirista, sai wasu su yi caraf su ce ɓatanci ne da neman suna. Hujjarsu ba ta wuce biyu ba: hoton Andres Serrano na 1987, wanda ya tsoma gicciye cikin fitsari, da Budurwa Maryamu ta Chris Ofili mai kashin giwa, wadda ta sa magajin garin New York, Rudy Giuliani, ya yi barazanar hana gidan tarihin Brooklyn kuɗi a 1999. Aikin Serrano bai taɓa burge ni ba, hayaniyarsa ta fi ƙarfinsa. Amma yi wa fage guda hukunci da shi, kuɗin goro ne.

Mai son ya ga yadda ake wannan aiki da gaske, ya duba Bruce Onobrakpeya. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke, bisa aƙidar cewa dabarar Bature sai an gauraya ta da ta gida. A ƙarshen shekarun 1960, ƙasa na cikin yaƙin basasa, Fada Kevin Carroll ya sa shi zana Hanyar Gicciye, matakai goma sha huɗu, don cocin St Paul da ke Ebute Metta a Legas.

Makaminsa sutura ce. Matan da ke kuka a gefen hanya ɗaure suke da zani irin na matan da ke cika cocin ranar Lahadi. Zanen rinin adire na Yarbawa ya mamaye hotunan, har ido ya rasa inda zai gudu ya ce wannan a wata ƙasa ce mai nisa. Sojojin Rum kuwa, kakin Turawan mulkin mallaka ya sa musu. Nan ne gwanintar take. Mai ibada da ya saba ganin sojan Rum da sulke da hular ƙarfe yana iya wucewa bai ji komai ba, don bai taɓa haɗuwa da irinsa ba. Amma kakin nan, ubansa ya san shi, wataƙila ya sha dukan mai sanye da shi wajen karɓar haraji. Labarin bai motsa daga yadda Linjila ta kawo shi ba. Abin da ya canja shi ne, mai kallo ya gane masu zaluncin.

Masu cewa wannan siyasa ce aka cusa wa addini sun manta cewa hukuma ce ta yanke hukuncin gicciyewar tun asali, kuma masu zanen Italiya da Holan ma tufafin garuruwansu suka sa wa manzanni.

Shi ya sa nake ganin sabuntawar da ta fi ƙarfi a wannan fage daga hannun masu girmama labarin take fitowa. Su suka san inda za a taɓa ya yi zafi. 'Yan Zariya sun gane haka tun kafin Serrano ya ɗauki kyamara.