Burujin Ƙaguwa da Zinaren Michael Phelps: Nazari Kan Wani Salon Fassara Halayen Ɗan Adam

Michael Phelps, gwanin ninkaya ɗan Amurka, ya tara lambobin yabo 28 a wasannin Olamfik, 23 daga ciki na zinare. Da yake an haife shi ranar 30 ga Yunin 1985, masu duban taurari sukan jingina nasararsa ga burujin Saraɗan, wato Ƙaguwa, wanda suke lissafawa cikin burujan ruwa. A ganinsu, tun daga haihuwa aka ƙulla ɗabi'arsa da ruwa.

Raunin wannan fassara shi ne sai da aka ga sakamako sannan aka nemo masa sababi. Mark Spitz, wanda ya ci zinare bakwai a Munich a 1972, an haife shi ranar 10 ga Fabrairun 1950, a burujin Dalwu, wanda su da kansu suke sanyawa cikin burujan iska. Kuma fassarar ta yi watsi da sababan da ido ya gani. Tun Phelps yana ɗan shekara 11 Bob Bowman ya fara horar da shi. A Beijing a 2008, ruwa ya cika masa tabarau a tseren mita 200, ya koma ƙirga sarar hannunsa har ya zo na ɗaya. Wannan aikin horo ne.

Malamai sun bambanta ilmin tasyiri, wanda ake gane lokuta da alƙibla da shi, da ilmin ta'asiri, mai jingina al'amura ga taurari. Hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani, da ke cikin Bukhari da Muslim, ya yi kakkausan gargaɗi ga mai danganta saukar ruwan sama ga tauraro, kuma Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima don rusa wannan sana'a.

Babbar hujja tana cikin rayuwar Phelps kansa. Bayan kama shi da tuƙi cikin maye a 2014, ya shiga cibiyar jinya, ya bayyana fama da ciwon damuwa, sannan ya dawo ya ci zinare biyar a Rio a 2016. Burujinsa bai sauya ba, halinsa ne ya sauya. Imam Ghazali, a babin horon zuciya na Ihya'u, ya kafa hujja da cewa da hali ba ya karɓar gyara, da wa'azi da tarbiyya sun zama banza. Tsarin da ya ɗaure ɗabi'a ga ranar haihuwa ba shi da gurbin da zai ajiye tuba.