Mai wayarin da kik ɗin tsohuwar mota

Direban tsohuwar Golf mai jigilar Daura zuwa Mai'aduwa ko Zango ya gwammace taya ta fashe da a ce ya cika fasinja, ya murɗa makulli, mota ta yi shiru, sai 'yan kamasho sun taru an yi turi. Ranar nan dole a nemi mai wayarin.

Abin da ke burge ni da gwanin kik shi ne ba ya gaggawar ɗaukar sufana. Cewa yake, "Direba, buga mu ji." In ya ji ƙas-ƙas kawai, batir zai fara dubawa, don sau tari kan batir ne ya yi tsatsa, kik ba shi da laifi. In kik na wulwulawa injin bai motsa ba, bendis ne ya daina cafkar haƙoran fulawil. In yana juyawa da ƙyar, bushin ya cinye, amecha tana gogar jiki. Wanda kuwa sai an ƙwanƙwasa shi da ƙarfe yake tashi, burushinsa ya ƙare. Duk wannan da kunne yake rarrabewa, kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

Sannan ya ciro kik ɗin, ya baje kayan cikinsa a kan tsohon buhu, ya wanke da fetur har ƙurar hunturu da baƙin garin burushi su fita. Ya goge jan ƙarfen da ke bakin amecha da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, ya bi 'yan tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya da guntun zarto. A nan ake gane haƙuri, domin mai garaje yakan tsallake su, kik ya dawo masa bayan sati. Sai ya liƙa sabon burushi da dalma, ya buga sabon bushin, ya ɗan shafa giris.

Irin wannan hannun ne ya riƙe Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, har yau wasu na ɗaukar kaya a ƙauyukan Baure da Sandamu. Mai irin motar nan ba kullum yake da kuɗin aikawa Ƙofar Ruwa a Kano a sayo masa kik ɗan Kwatano ba.

Kafin mai wayarin ya mayar da kik ɗin jikin mota, sai ya ajiye shi a ƙasa, ya take da ƙafa, ya jona masa batir. In bendis ya zabura waje da ƙarfi, aiki ya yi. Ya ce, "Oga, in ka buga ba ta tashi ba, saki makulli ta ɗan huta, kada ka ƙona min shi."